Hayaƙin juji a bakin masallaci: liman na da ta cewa?

UmmanSadiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gidanmu yana unguwar Garin Malam a nan Zinder, kuma tsakaninmu da masallacin unguwa akwai wani fili da ya zama juji. Kullum bayan asuba sai a cinna masa wuta: leda, tsofaffin silifa, robobin lemo, tsummokara, duk a haɗe. Tun da hunturu ya shigo hayaƙin ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a kan gidaje har hantsi. 'Yata mai shekara 4 sau uku ke nan ina kai ta likita daga watan Nuwamba zuwa yau, numfashinta da ƙyar yake fita in dare ya yi. Na yi wa masu ƙonawar magana, suka ce tsafta suke yi. Kuma na san ba mugunta ba ce, babu mai zuwa ya kwashe sharar.

Tambayata ita ce, me ya sa ban taɓa jin liman ya hau mumbari ya yi huɗuba a kan wannan ba? Ana yi mana wa'azin tsaftar jiki da ta tufafi da ta wurin salla. Iskar da muke shaƙa fa, addini bai ce komai a kanta ba?

DanZango_84:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinya lafiya. Amma Hajiya wannan aikin magajin gari ne, ba na liman ba. Shi liman amalanke gare shi ko motar shara? Idan ya ce kada a ƙona, ina za a kai? Mu bi waɗanda muke biyan haraji a hannunsu.

AlmajirinBirni:
Allah ya ƙara sauƙi, 'yar uwa. DanZango, ina neman afuwa, amma maganar tana cikin littattafan da muke karantawa a zaure tun muna yara. Hadisi na 32 a Arba'una shi ne "la darara wa la dirara", wato babu cuta babu cutarwa. Malaman Malikiyya ba su bar shi a dunƙule ba. A cikin Mukhtasar, Shaihu Khalil ya ambata cewa alƙali yana hukunta a hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, idan suna cutar da maƙwabta. Ku duba fa, hayaƙi da wari, da sunansu. Wato a shari'a maƙwabci yana da haƙƙin kai ƙarar hayaƙi, tun ɗaruruwan shekaru kafin a san leda.

Sannan Manzon Allah (SAW) ya ce kawar da abu mai cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kuma ya tsoratar da mu daga yin bayan gida a hanyar mutane ko inuwarsu. To wanda ya turnuƙe sahun masu fitowa daga sallar asuba da hayaƙin roba fa? Ni dai a ganina abin da ya hana huɗubar ba rashin nassi ba ne. Mun saba ne da ganin hayaƙin har ya daina yi mana kama da cuta.

NasDinYara:
Ina aiki a ɗakin yara shekara 11 ke nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu gadajenmu cika suke yi da masu ciwon ƙirji da limoniya. Bari in faɗi abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Hayaƙin da ido ke gani ba shi ne mafi haɗari ba. A cikinsa akwai ƙwayoyi ƙanana da ake kira PM2.5, sun fi silin gashi sirantaka sau kusan 30. Gashin hanci ba ya tare su, suna wucewa har ƙasan huhu, wasu ma su shiga jini. Yaro kuma ya fi babba saurin numfashi, ga shi gajere, kansa yana daidai inda hayaƙin ke kwanciya. Idan roba ce ake ƙonawa, ana ƙara samun guba a kai.

Abin da UmmanSadiya ta lura da shi gaskiya ne. Da sanyin safiya iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi da nauyi, sai ta riƙe hayaƙin kamar an kife ƙwarya a kan unguwa. Asubar hunturu ita ce lokaci mafi muni da za a cinna wa juji wuta.

Kuma don Allah, tun da muna cikin sanyi: kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Iskar da ke fita daga garwashin ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji. Na taɓa karɓar uwa da 'ya'yanta biyu a haka, Allah ya sa maƙwabta sun fasa ƙofa da wuri.

Sani_Tanut:
Duk na ji. Amma ku faɗa mini, hazon da ya rufe gari makon jiya har ba ka hango mota a gabanka, shi ma juji ne ya kawo shi? Ƙura daga Allah take. Ko limaman Damagaram duka sun taru ba su hana ta.

DalibarJamia:
Yaya Sani, ƙurar hunturu mafi yawanta daga Chadi take zuwa, daga wani kwari da ake kira Bodele, inda tsohon tafkin Chadi ya ƙafe tun dubban shekaru. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta ta biyo ta kanmu. Wannan kam babu mai hana ta. Amma ai don ba ka iya hana ruwan sama ba shi ke sa ka ƙi toshe yoyon ɗakinka ba. Huhun da ƙura ta riga ta gajiyar shi ne muke ƙara wa hayaƙin leda da na taya.

Ni abin da ya fi yi mini zafi wani ne daban, kuma ina so malamanmu su san shi. Duk Afirka hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya duka ba. Ɗan Nijar ɗaya abin da yake fitarwa a shekara kusan kashi ɗaya cikin goma na tan ne, Ba'amurke ɗaya kuwa ya haura tan 13. Amma wa ya sha zafin watan Afrilun 2024 a cikin azumi? A Kayes ta Mali sai da ma'auni ya kai 48.5, kuma masana da suka bincika sun ce irin wannan zafin ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba. Wasu suka ci, wasu ke biya. Idan wannan ba zalunci ba ne, ban san sunansa ba, kuma zalunci ai maganar mumbari ce.

Bawan_Allah:
A nan ne nake tsayawa da ku. Duk lokacin da aka ce "sauyin yanayi" sai in ga furoje ta zo da riguna da huluna, a tara malamai a otal kwana biyu, a ba su kuɗin mota, a ɗauki hoto. Turawa sun ƙona gawayinsu da man fetur ɗinsu shekara 200 sun yi arziki, mu da matatar manmu ta SORAZ sai 2011 ta fara aiki, ganga 20,000 a rana, yanzu za a ce mu ne za mu tuba? Ba na so a mayar da mumbarin Annabi lasifikar wasu.

DalibarJamia:
Malam Bawan Allah, ai kusan abu ɗaya muke faɗa. Ban ce mu tuba daga man fetur ɗinmu na Agadem ba. Cewa na yi ana bin su bashi. A 2009 a Kopenhegen ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dalar Amurka biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika a kan lokaci ba. A 2022 a Masar aka amince da asusun biyan asara da ɓarna. A 2024 a Baku aka ce biliyan 300 a shekara nan da 2035, ƙasashe masu tasowa da yawa suka ce ya yi kaɗan. Wa ya taɓa fassara wa manomin Gure ko Damagaram Takaya wannan da Hausa ko Barbarci, ya gane cewa haƙƙinsa ne ake magana ba sadaka ba? Wanda mutane ke saurara duk Juma'a shi ne zai iya.

AlmajirinBirni:
Tsoron Bawan Allah yana da tushe, na ga irin tarukan da yake nufi. Amma maganinsa shi ne malami ya yi magana daga littafinsa, ba daga takardar da aka miƙa masa ba. Aya ta 41 a Suratur Rum ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Ba furoje ta saukar da ita ba. Kuma ga Sani: imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya yi ba.

Dattijo_SabonGari:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na ga farin 1973 da 1974, na ga na 1984 da muke kira El Buhari. A lokacin idan ka fita wajen Magarya ko Matameye gona fayau take, iska ta binne shuka sau biyu sau uku kafin ta kama. Yau ku je ku gani, gawo ne ko'ina. Ba gwamnati ta dasa su ba, ba kuma Turawa ba. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa da kansa. Kakanninmu suna ba da labarin cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun hukunci mai tsanani ake yi wa wanda ya sare gawo. Ashe tun can mun san darajar abin, mantawa muka yi sai da yunwa ta tuna mana.

ManominMatameye:
Baba ya faɗi gaskiya. Sassaben zamani muke ce masa. Idan kana sharar gona ka tarar da kututture ya yi toho, sai ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka sassabe sauran. Shi ke nan, ba sayen iri ba ban ruwa. Gonata da na gada gawo 6 ne a ciki, yau sun haura 50. Gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma taki ne, kuma geron gindinsa ya fi na ko'ina tsawon zangarniya. Da rani 'ya'yansa abincin awaki ne. Rassan da nake ragewa su matata ke girki da su, ta daina tafiya nesa neman itace.

Abin da ya shafi tambayar Hajiya: a garinmu sai da liman da mai gari suka tsaya a kai sannan aka daina satar sara da dare. Liman ya karanta hadisin nan cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Daga nan wanda aka kama yana sara a gonar wani kunya take kama shi fiye da tara. Ma'aikacin gandun daji sau ɗaya yake zuwa a wata, liman kuwa sau biyar a rana muke ganinsa.

Rifkatu_Z:
Sannunku. Ni Kirista ce, a nan Zinder aka haife ni. Ina so in ƙara a kan maganar Baba: cikin waɗanda suka yaɗa wannan hanya a wajen Maradi tun farkon shekarun 1980 akwai wani ɗan mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma Musulmi, kuma yau ana ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 ne suka farfaɗo a Nijar. A wajenmu ma Littafin Farawa ya ce an sa mutum a gona domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Matan cocinmu suna shara duk Asabar, amma da kunya nake faɗa, mu ma tarawa muke yi mu ƙona. Sai da na karanta bayanin NasDinYara jikina ya yi sanyi. Idan unguwa za ta zauna a kan wannan, a kira mu. Hayaƙin ba ya tambayar gidan wa zai shiga.

DanZango_84:
Kun tafi gawo da Baku kun bar jujin Hajiya yana ci. Har yanzu ba wanda ya amsa mini: ina za a kai sharar?

Hajiya_MaiAbinci:
Kafin a amsa maka, ƙanena, bari in faɗi nawa, don duk maganar nan ba a taɓo mu ba. Shekara 22 ina tuwo da shinkafa a bakin Kasuwar Dole. Juji sau ɗaya ake ƙona shi a rana, ni kuwa daga asuba har la'asar kaina yana cikin murhu. Idona yana ruwa, tari ba ya barina, likita ya tambaye ni ko ina shan taba, ni da ban taɓa riƙe ta ba. Kowace mace a garin nan haka take, da goyo a bayanta yana shaƙa tare da ita. A gida na koma gas. Amma tukunyar kasuwa mai cin tiya 10 buteli nawa za ta sha? Kuma akwai lokacin da za ka zagaya gari da buteli a kan moto ba ka samu ba, alhali a nan jiharmu ake yin sa. Idan liman zai yi huɗuba, ya fara da maza: mai gida da ke da kuɗin canza waya duk shekara ya saya wa matarsa buteli da kan murhu. Wannan ma ciyarwa ce.

NasDinYara:
Hajiya, kin taɓo babbar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar sa. Wadda ba ta da halin gas, ko waɗannan za su rage: a yi girki a fili ba cikin rufaffen madafa ba, itacen ya bushe sosai, kada a hura wuta da leda, a sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa da murhu. Murhun laka ko na ƙarfe mai kewaye shi ma yana rage cin itace.

DanKabukabu227:
Mu ma a sa da mu. Wuni muke a titi, ƙura a gaba hayaƙin manyan motoci a baya. Da yamma in na wanke hanci baƙi ne ke fita. Wani abin kuma da ba a faɗa ba, masu babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya. Hayaƙin a sha, naman kuma a ci. A fadarmu mu 14 ne, in aka ce ranar kaza za a kwashe jujin Garin Malam za mu zo da shebur. Amma a samo abin ɗauka.

Bawan_Allah:
To bari in yi tambayar da za ta nuna ko da gaske ake. Ranar layya fa? Kowane layi an jera raguna an kewaye wuta, itace lodi-lodi, gari duka hayaƙi har dare. Akwai limamin da zai iya cewa a rage? In ba zai iya ba, to talaka mai ƙona shara kawai za a sa a gaba.

AlmajirinBirni:
Yanka shi ne ibada, yadda ake gasawa al'ada ce, kuma al'ada ana iya gyara ta. Gida huɗu su haɗa wuta ɗaya maimakon huɗu, wasu unguwannin ma sun riga suna yi. Amma layya kwana ɗaya ce a shekara, juji da murhu kullum ne. Kada mu fara da abin da zai sa mutane su toshe kunne.

Yar_Birni:
Ina karanta ku tun ɗazu hawaye na zubo mini, don ni maganar nan masallacinmu take tuna mini. A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama. Kakana a nan ya yi salla, babana ma haka. Daminar nan mutum kusan 400 suka rasu a Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda mutane na kwana a azuzuwa. Idan masallaci da kansa ya faɗi, me ya rage da za a ce abin bai shafi masallaci ba?

Magini_Usman:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. 'Yar uwa, ni magini ne, kuma ba na musun ruwan ya yi yawa. Amma kada mu ɗora wa sauyin yanayi komai. Ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Gidaje da yawa da na ga sun faɗi, ruwa ne ya kwanta a gindinsu saboda lambatu ya cika da leda da yashi, wasu kuma a hanyar ruwa ko bakin tabki aka gina su. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ledar nan mara kauri da sayar da ita a Nijar. Ku je kasuwa ku sayi tumatir na dala 20, wato sefa 100, ku ga a cikin me za a ba ku. Ledar da ba a ƙona ba ita ke toshe lambatu, wadda aka ƙona ita ke shiga ƙirjin 'yar Hajiya.

DalibarJamia:
Duka biyun gaskiya ne, Malam Usman. Iska in ta ƙara zafi tana ɗaukar ruwa da yawa, sai ta sauke shi a lokaci ɗaya. Ruwan ya ƙaru, lambatun kuma mun toshe shi. Na farkon mu nemi haƙƙinmu a kansa, na biyun mu gyara da hannunmu. Ina tsoron dai kada "mu gyara halinmu" ya sa a manta da waɗanda ake bi bashin.

UmmanSadiya:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i mai gidana ya samu liman, ya karanta masa abin da AlmajirinBirni ya rubuta. Liman ya ce ya san wurin a Mukhtasar, ya karantar da shi ma, amma bai taɓa haɗa shi da jujin ƙofar masallacinsa ba. Ya ce zai yi magana bayan sallar magariba ranar Alhamis, tun da namu ba na Juma'a ba ne. Sai dai ya yi tambayar DanZango sak: in ya hana ƙonawa, ina za a kai? Ya ce ba ya so ya hana abu, bayan kwana uku mutane su koma, maganarsa ta zube.

DanZango_84:
Kin ji ko. Ba gardama nake yi ba, Hajiya, na taɓa gani ne. A layinmu mun yi shekara guda muna ba mai amalanken jaki dala 100 kowane gida a wata. Ya yi tafiya lafiya har muka gano can bayan gari yake juyewa kusa da wasu gidaje, su kuma su cinna mata wuta. Mun kwashe hayaƙinmu ne muka kai wa waɗanda suka fi mu talauci. Shi ya sa nake cewa sai an haɗa da magajin gari, ya nuna wurin zubarwa na ƙa'ida. Liman da mai unguwa su tafi tare, da takarda da sa hannun magidanta. Ni kaɗai in na je, a bakin ƙofa zan wuni.

ManominMatameye:
Ku rage sharar tun daga gida. Toka, ɓawon kayan miya, kashin awaki, sharar tsakar gida, duk taki ne, masu gonaki da garake a bakin gari nema suke yi. In ba a cakuɗa da leda da batir ba, mai amalanke zai iya sayar da ita ma. Abin da zai rage kaɗan ne.

Rifkatu_Z:
Zan gaya wa shugabar matanmu gobe, Asabar ɗin nan mu ware leda daban kada a sa wuta. UmmanSadiya, zaman Alhamis ɗin mata za su iya zuwa, ko a yi namu daban a gidan mai unguwa? Don mu ne masu shara da girki, in ba mu ji da kunnenmu ba ba abin da zai canza.

Sani_Tanut:
Ni har yanzu ina ganin ƙura ta fi jujin yawa. Amma ƙanena yana da amalanke biyu, in an sa rana ku gaya mini.

UmmanSadiya:
Rifkatu, zan tambayi matar liman da safe in dawo miki da amsa. Yaya Sani, mun gode, a riƙe mana su zuwa Asabar ta sama. DanKabukabu, shebur nawa gare ku? Kuma wa ya san ofishin da ake kai irin takardar da DanZango ya ce, na babban magajin gari ne ko na da'irarmu?